Abin da Lubabatu Ta Goge a Bayan Kaset

Salamu alaikum 'yan uwana masu bibiyata. Yau ba doguwar gaisuwa, yarona ya samu barci, kun kuwa san barcin mai fitar da haƙori ba shi da alkawari.

Abin da ya tono labarin nan, ƙanwata ce ta ari wayata ta yi 'yan dube-dubenta. Da za ta miƙo mini sai na ga ta tsaya tana latse-latse. Na tambaye ta, ta ce tarihin abin da ta bincika take gogewa, har da ragowar da waya ke adanawa a ciki ba ka sani ba, kada wani ya ɗauka ya ga inda ta shiga. Na ce ta kyauta, ni ma haka nake yi kafin in ba kowa aro. Kakarmu Lubabatu, wadda ta haifi mahaifiyarmu, tana gefe tana tsinkar zogale. Sai ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Ashe ku ma kuna goge-goge. To ku dai san mi kuka gogewa, ku kuma san mi ka hawa bisa wurin."

Daga nan ta ba mu labarin, ta kuma yarje mini in rubuta shi.

A shekarun da aka rufe boda, Illela ta yi tsit kamar gidan makoki. Soja a ƙofa, 'yan canji sun jeru a inuwa suna korar ƙuda, sefa, kuɗin Nijar, ta yi wuyar gani. Ga Konni ta Nijar nan kusa, kamar ka miƙa hannu ka taɓo, amma mai son zuwa sai ya ratsa gonaki yana waige.

Lubabatu a lokacin ba ta fi ashirin da 'yan kai ba, kuma har ta gama takaba. Mijinta Abdulƙadir malamin ofis ne, ɗan gidan manya daga Sakkwato, aiki ya kawo shi Illela. Hatsarin mota ya ɗauke shi rana tsaka, ya bar ta da yarinya ɗaya, Zuwaira, mai shekara uku da ɗoriya. Bayan an share makoki, wansa Alhaji Maliki, wanda babban ma'aikaci ne can birni, ya zo ya zauna a zauren mahaifinta ya yanke magana cikin ruwan sanyi. Ya ce yarinya ta zauna wurin uwarta muddin uwar tana gidan ubanta. Ranar da ta yi aure kuwa za a aiko mota, don jininsu ba ya agolanci. Ba wanda ya musa masa. Wa zai musa?

Cikin abin da ya faɗo mata a gado akwai rediyon marigayi mai cin kaset, baƙa mai hannu, da kaset ɗaya da ta fi ƙaunarsa bisa duk kwanukan da ke jere a ɗakinta. A gabansa akwai muryar Abdulƙadir, 'yar guntuwa ce a farkon zaren, yana wasa da Zuwaira tun tana rarrafe, yana lallashinta ta ce Baba, ita kuma tana ƙyalƙyala dariya tana son cafke rediyon. Bayan kaset ɗin babu komai. Lubabatu ta ɗiga jan farce a gefen da muryar take, don kada wata rana ta rikice. Duk hantsi Zuwaira sai ta ja zanenta ta ce a sa mata Baba, har ta iya buɗe murfin da juya kaset da kanta.

Sai dai ku tuna, Zuwaira 'yar fari ce. A tarbiyyar da aka yi wa Lubabatu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta nuna ita ta haife shi. "Ke" take ce mata, ko "wagga yarinya". A tsakar gida ture ta take yi tana haɗe fuska. In sun shiga ɗaki ta saki labule, nan ne take ɗora ta a cinya tana sansanar kanta. Ni da nake riƙe da nawa ɗan farin yanzu, ina kiran sunansa sau ɗari a wuni, in na tuna wannan sai tausayinta ya kama ni.

A gida kuwa an fara gajiya da zamanta. Ba wanda ya kore ta, amma magana ba ta ƙarewa. Mace da ƙuruciyarta ta zauna haka? Wadda ta fi kowa ƙwazo a wannan fage ita ce Goggo Abu, ƙanwar mahaifinta, mace gajera mai faɗin murya, wadda rufe boda bai hana ta sana'a ba. Takan ƙulle turare da sabulu a cikin zani, ta ɗora ƙwarya a ka, ta bi ta gonaki kamar mai kai wa manoma fura. Ita ta kawo maganar Hamidu.

Hamidu mai shagon atamfa ne a Konni, matarsa ta rasu ba ta bar masa ɗa ba. Ya taɓa ganin Lubabatu a wani suna kafin a rufe hanya, kuma bai manta ba. Tun da zuwa zance ya gagara, sai ya aiko da kaset a ƙasan ƙwaryar Goggo Abu. Kaset ɗaya ne ke kai da komo. Shi ya yi magana ya aiko, ita ta saurara da rediyon manne a kunne, sannan ta danna jan maɓallin ta ɗora tata a kan tasa. Kowace amsa tana cinye tambayar da ta zo da ita. Wannan tsari ya kwanta wa Lubabatu a rai, domin ba ya barin sawu. Ko an kama kaset ɗin, magana ɗaya za a ji, ita kuwa tana auna kowace kalma kafin ta fita.

Muryarsa mai sanyi ce, da zolaya a ciki. Yakan ce mata madam, yakan ba ta labarin zakaran maƙwabcinsa da ba ya cara sai ya ga an danna rediyo. Yakan tambayi lafiyar yarinya, har ya taɓa aiko mata da 'yan kunne. Rannan sai ya bar wasa, ya ce shi fa da gaske yake, ta ba shi amsa ɗaya, e ko a'a. Lubabatu ta kasa. Ta mayar da kaset ɗin da gaisuwa kawai, ta ce ya ba ta lokaci, amsa na nan tafe.

Goggo Abu ta tafi da shi, sai sintiri ya tsananta, ta maƙale a Konni ba ranar dawowa. Magana ta cika wa Lubabatu ciki, ba kaset a hannu, sabo kuwa a lokacin sai mai hanya. Wata rana da matan gida suka tafi biki, ta ɗauko kaset ɗin marigayi, ta juya bayansa, ta ce bari ta gwada bakinta kawai, ta ji yadda amsar za ta fito. Ta fara ta rikice, ta sake ta yi kuka, ta sake ta yi dariyar kanta. Haka ta yi ta yi har ta kusa cika gefen. Ta ƙarshen ce ta fito mata daidai, kuma har yau ba ta manta ta ba.

"Malam Hamidu, ina sonka, ban ɓoye ba. Amma ka ji da kyau. Ba ni barin Zuwaira, ba ni kuma sace ta ga dangin ubanta. Kakarta ta rasa ɗa, ba ni ƙara mata wani rashi. In kana iya jira hal Allah shi sa su yarda da bakinsu, to. In ba ka iyawa, na yahe maka, kai ma ka yahe min."

Ran nan ne karon farko da ta ji sunan 'yarta a bakinta. Ta mayar ta saurara, kunya ta kama ta ita kaɗai a ɗaki. Ta ce gobe za ta goge. Gobe ta zama jibi.

Ana cikin zafin bazara, wata Laraba kafin azahar, sai ga farar fijo a ƙofar gida. Hajiya Ummu ce, mahaifiyar marigayi, ta zo ba aike. Doguwar dattijuwa ce mai sanyin hali, ta yafa farin mayafi a kan shuɗin leshi, ƙamshin turaren wuta na bin ta. Idonta ya fara rauni, sai ta shafa fuskar mutum kafin ta tabbatar da shi. Lubabatu ta shimfiɗa mata tabarma da darduma a gindin bishiyar dogon yaro ta tsakar gida, ta durƙusa nesa ta gaishe ta, ta kawo ruwan randa da fura mai nono. Hajiya ta ɗora Zuwaira a cinya, ta fito mata da jan takalmin roba mai ƙugiya, tana tsokanarta wai kishiya ta yi ƙiba, ta cinye abincin gidan mutane.

Sai da aka gama gaishe-gaishe sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce kwanan nan tana yawan mafarkin marigayi, tana ganin fuskarsa sarai, amma in ya buɗe baki ba ta jin komai. Muryar ta ɓace mata. An ce mata akwai wani kaset.

"Ki ba ni aro, ɗiyata. Maliki shi kai ga masu kaset su ɗaukam min nawa, in maido miki naki. Da la'asar muka komawa."

Lubabatu ta ce to, kanta a ƙasa. Amma ta san abin da ke bayan kaset ɗin. Masu kaset gaba da baya suke ɗauka. Ko su ba su saurara ba, Alhaji Maliki zai saurara. Muryarta ce a can tana ce wa wani namiji tana sonsa, namijin ma na ƙetaren boda. Ba ta tsaya tunanin sauran abin da ta faɗa a ciki ba. Kalmar farkon nan kaɗai ke yi mata amsa-kuwwa a ka, da motar da aka ce za a aiko.

Ta ce ba ta san inda ta ajiye ba? Zuwaira da kanta za ta je ta ɗauko. Ta tsinke zaren? Muryar uban yarinya ke nan ta tafi har abada. Hanya ɗaya ce, a goge bayan, a bar gaban.

Da Hajiya ta yi azahar ta ci tuwo ta kishingiɗa, Zuwaira kuma ta fita nuna wa ƙawaye takalmi, Lubabatu ta shige ɗaki ta saki labule. Ta duba ɗigon jan farcen, ta sake dubawa, ta kai bakin taga ta kuma dubawa. Ta zura biro ta naɗe zaren zuwa farkon baya don kada batir ya ƙare a banza. Ta yi bisimilla ta danna jan maɓallin da na kusa da shi.

A nan ne kuskuren ya shigo, kuma ni ban ga laifinta ba. Duk gogewar da ta taɓa yi, magana take ɗorawa a kan magana. Ba ta taɓa ɗora shiru ba. Sai ta yi tunani irin na mai hankali, ta ce in dai wannan abin murɗawar shi ke ƙara murya ya rage, to in ta murɗe shi har ƙarshe rediyon ta kurumce ke nan, ba ta faɗi ba ta ji. Ta murɗe shi tas. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa bakin rediyo daban, kunnenta daban. Ta tura ta ƙarƙashin gado bayan langa, ta hau gadon ta zauna ta rungume gwiwa.

Zare na tafiya, gumi na bin bayanta. Kowane juyi yana cinye kalma ɗaya daga cikin nata, tana jin sauƙi yana shigarta kaɗan kaɗan. Ta ƙiyasta saura ƙiris a gama, sai aka yaye labule.

Goggo Abu ce, ƙafafu fururu, ƙwarya a hannu, ko gida ba ta biya ba. Ta ga motar Sakkwatawa a ƙofa, shi ya sa ta lallaɓo ta bayan rumbu. Ta zube a ƙasa daidai ƙafar gadon, ta ce za ta yi raɗa. Raɗar Goggo Abu kuwa, na zaure ma yana iya amsa mata. Lubabatu ta yi mata nuni da hannu wajen tsakar gida, amma ko kaɗan hankalinta bai je kan abin da ke ƙarƙashinsu ba. Ai ta toshe mata kunne.

"Kin ga abin da ni ka gaya miki? Sun hwara zarya. Yau kaset, gobe ɗiya. Ki saurare ni, magana ta ƙare can wajen Hamidu, ɗaki na nan an share. Ran kasuwa da asuba ki goya yarinya ki biyo ni ta gonaki, awa masu zuwa itace. In kunka taka Konni an ɗaura aure, boda rufe, wane Maliki? Shi zo da motar tashi mu gani. Tsohuwar ga ko ta yi kukanta ta share."

Lubabatu ta so ta ƙi nan take. Amma babba ce ke magana, ƙanwar uba, ba a tare ta da a'a tsirara. Sai ta fara yadda kowace 'yar mutunci ke farawa.

"To, Goggo..."

Ƙas! Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin gado. Goggo Abu ta zabura ta tambayi mene ne, Lubabatu ta ce ɓera ne cikin kwanuka. A ranta ta yi hamdala, zare ya kai ƙarshe, an gama. Sannan ta ƙarasa maganarta. Ta ce to ta ji, amma ita ba za ta iya ba. Ba za ta goya 'yar mutane ta bi daji da ita kamar kayan fasa-ƙwauri ba, kuma Hajiya ba ta taɓa yi mata komai ba sai alheri. Ta tambaya ko Hamidu ne ya faɗi haka da bakinsa. Goggo Abu ta kau da kai ta ce ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ai ga kaset ɗinsa nan, ta ji da kunnenta. Ta ciro shi daga ƙwarya ta jefa mata a cinya, ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ta fice ta inda ta shigo tana ƙunƙuni.

Lubabatu ko tura kaset ɗin Hamidu ƙarƙashin filo ba ta gama yi ba, sai ga Zuwaira da gudu, takalmi na ƙyas ƙyas, wai Hajiya ta tashi ta ce a kawo Baba ta ji kafin su tafi.

'Yan uwa, in kun goge abu, ku koma ku duba. Abin da zan ce ke nan. Lubabatu ba ta samu wannan damar ba. Ta dai ga zaren ya naɗe gefe guda, wato in an juya, daidai farkon muryar marigayi yake. Har ta ji daɗin hakan.

Ta ajiye rediyon a gaban Hajiya, ta ƙara murya, ta danna, ta koma gefen tabarma ta durƙusa. Abdulƙadir ya cika tsakar gidan. "Ce Baba. A'a, ba a ci, rediyo ta. Ce Ba-ba." Dariyar jaririya ta biyo baya. Hajiya Ummu ta ɗora tafin hannunta a kan rediyon kamar mai shafa kan yaro, hawaye na bin kuncinta, leɓenta na motsi da addu'a. Da muryar ta ƙare sai shuuu. Ba wanda ya motsa.

Zuwaira ce ta motsa. Ta saba ganin ana juya kaset in ya yi shiru, tana kuma son kakarta ta ga ta iya. Kafin uwar ta ankara ta buɗe, ta juya, ta danna.

"Ke, bari. Babu komi can, Hajiya," in ji Lubabatu.

"Ƙyale ta. Wa ya sani ko ya bar wani abu."

Lubabatu ba ta damu ba, ta san shiru za a ji. Abin da ba ta lissafa ba, farkon gaba shi ne ƙarshen baya. Ɗan abin da muryar marigayi ta ci na zare, shi ne daidai ɗan abin da ya rage lokacin da aka yaye labule.

Da farko huci ne kawai. Sai ƙarar gado. Sai numfashin mutum. Sai ga muryar Goggo Abu ta fito tangaran, ta fi yadda take a fili, kamar tana zaune a tsakiyarsu. Lubabatu ta miƙa hannu ba ta san ta miƙa ba. Hajiya ba ta ɗaga nata daga kan rediyon ba, ta dai ce, "Bari." Suka saurara tare. Ran kasuwa da asuba. Ta gonaki. Wane Maliki. Tsohuwar ga ta yi kukanta ta share.

Sai muryar Lubabatu, a hankali, da ladabi.

"To, Goggo..."

Ƙas.

Zuwaira ta tafa hannu ta ce ga Inna, ga Inna a ciki. Hajiya ta ce mata ta je ta nuna wa direba takalminta. Da yarinyar ta fita, tsohuwar ta goge fuska da bakin mayafi.

"Hajiya, bayan to ɗin nan akwai magana," in ji Lubabatu. "Wallahi a'a nic ce mata. Zare na ya ƙare."

"Na sani, ɗiyata, kowace to tana da baya. Amma ban ji shi ba."

Lubabatu ta ce a kira Goggo Abu ta faɗi gaskiya. Hajiya ta girgiza kai, ta tambaye ta ko mai shirin ce za ta yi mata shaida. Sannan ta tambayi abin da ya sa rediyo ke ɗaukar magana a ɗakin tun farko. Babu sauran wurin ɓuya. Lubabatu ta ce wani abu ne take gogewa.

"Mi na na?"

Yaya za ta faɗa? Ta dubi uwar mijinta ta ce ta ce wa wani tana sonsa? Ta kama sunan 'yar fari a gaban kakarta? Kunyar da aka raine ta da ita ta hana ta. Da ƙyar ta iya fitar da rabi.

"Amsa ta. Nic ce mishi ba ni barin yarinyar, ba ni kuma sace ta gare ku. Nic ce sai in kun yarda da bakinku."

Hajiya Ummu ta juyo da raunanan idanunta wajenta, babu fushi a ciki, kuma wannan ya fi fushi ciwo.

"Da kin bar maganar ga cikin kaset, Luba. Da na ji da kunnena, da ni da kaina za ni tsaya gaban Maliki."

Nan Lubabatu ta gane abin da ta yi. Shaidarta guda a duniya, da muryarta, da hawayenta, da sunan 'yarta a ciki, ita ta zauna ta goge ta da hannunta, har tana hamdala.

Hajiya ta ce ba ta ƙaryata ta ba, Allah ne shaida. Amma ita tsohuwa ce, ta binne ɗa, abin da ya rage mata na shi ke nan mai jan takalmi. In ta tafi ta bar ta, ta wayi gari aka ce suna Konni, hanya a rufe, wa za ta aika? Ko Lubabatu ta ƙi yau, mai faɗin muryar nan ba za ta gaji ba. Don haka yarinya ta bi ta, ta yi mata kwana biyu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san tsawon kwana biyu irin wannan.

Hajiya ta buɗe murfin da kanta, ta lalubo kaset ɗin ta sa a jaka. Ta ce gabansa nata ne. Bayansa kuwa, ko Maliki zai ji ko ba zai ji ba, za ta yi tunani a hanya.

Mahaifin Lubabatu ya dawo daga masallaci aka ce masa jika za ta raka kakarta, ya ce madalla, ai zumunci ke nan, Allah ya kiyaye hanya. Lubabatu ta shiga ɗaki ta haɗa kaya a ɗankwali: riguna, ɗan zanen goyon da yarinyar ba ta barci sai da shi, kwalli, ƙaramin kofinta na silba. 'Yan kunnen Hamidu ta cire su daga kunnen yarinyar ta ce sun yi datti. Ta wanke mata fuska, ta shafa mata mai, ta daɗe tana gyara ƙugiyar takalmin da ba abin da ya same ta. Matan gida sun fito rakiya, idanu a kanta. Uwar ɗan fari ba ta kuka don an ɗauki ɗa, abin dariya ne ma. Sai ta haɗe fuska kamar kullum.

Zuwaira murna take, za ta shiga mota. Ta leƙo ta taga ta ce, "Inna, in na dawo ki sa min Baba."

"Ke dai ki riƙa jin magana," in ji Lubabatu. Iyakar abin da aka yarje mata ta ce ke nan.

Motar ta juya ta kama hanyar Sakkwato. Ta tsaya a bakin zaure har ƙarar ta ɓace, sannan ta koma ta naɗe tabarma, ta ɗauki rediyon ta shiga ɗaki ta saki labule.

Murfin a buɗe yake, ciki wayam. Ta ɗaga filo ta ɗauko kaset ɗin Hamidu, ta juya shi a hannu. A cikinsa ne za ta ji ko shirin gonakin nan daga bakinsa ya fito, ko Goggo ce ta ƙulla abinta. In shi ne, to ta yi rashi biyu a wuni ɗaya. In ba shi ba ne, ba ta san abin da za ta yi da mutumin kirkin da ya ja mata wannan ba. Ta zura shi a ciki, ta rufe, ta ɗora yatsa a kan maɓallin, ta kasa dannawa.

Idonta ya sauka a kan sawun ƙaramin takalmi a ledar ɗakin, sabo fil, har zanen ƙasansa ya fito. Tsintsiya na jingine a bayan ƙofa. Ba ta taɓa ta ba. Ta sauko daga gadon ta zauna kusa da sawun, ta kare shi da gefen zaninta kada iska ta shigo ta share, ta buɗe baki a hankali, yanzu da babu mai ji, babu kuma abin da ke ɗauka.

"Zuwaira," ta ce.